Ko rajistar mallakar ƙirƙira hujja ce cewa manhajar tsaro tana da ƙarfi?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Akwai wata magana da nake yawan cin karo da ita a tallace-tallacen kamfanonin da ke sayar da manhajojin tsaron bayanai, musamman masu kulle fayiloli da masu adana wa mutane bayanansu a intanet, inda za ka ga sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa dabararsu ta ɓoye bayanai tana da rajistar mallakar ƙirƙira. Yadda suke ɗora maganar a saman shafi yana nuna suna so mai saye ya ɗauka cewa wata hukuma ta gwada abin, ta kuma tabbatar babu mai iya fasa shi. Shin haka al'amarin yake?

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, an ce duk wanda ya nemi wannan takarda dole ne ya bayyana yadda ƙirƙirarsa take aiki dalla-dalla, kuma ofishin rajistar yana wallafa bayanin domin kowa ya karanta. Idan haka ne, ashe mai neman takardar ba da hannunsa yake sauƙaƙa wa masu kutse aikinsu ba? Sannan a fahimtata ɓoye bayanai lissafi ne zalla, to ta yaya doka za ta ce wani ya mallaki lissafi? Ina roƙon masana su haska mini, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, kuma a'a ce da babu kwana-kwana a cikinta. Jami'in da ke duba takardar neman rajista yana binciken ko abin sabo ne, ko ba wani abu ba ne da duk masanin fannin zai iya kaiwa gare shi cikin sauƙi, da kuma ko yana da amfani a aikace. Ba aikinsa ba ne ya zauna yana ƙoƙarin fasa dabarar, kuma ba a ba shi lokacin yin hakan ba.

Tarihi ya riga ya ba mu hujja a kan wannan. Ralph Merkle da Martin Hellman na Jami'ar Stanford, waɗanda suna cikin iyayen wannan fanni, sun ƙirƙiro wani tsarin ɓoye bayanai da aka gina a kan matsalar lissafi ta zaɓo lambobin da jimillarsu za ta ba da wani adadi, kuma ofishin rajista na Amurka ya ba su takardar mallakarsa a 1980. A 1982 Adi Shamir ya fasa asalin tsarin, ba da daɗewa ba kuma aka fasa nau'insa da aka ƙarfafa. Amma takardar ba ta faɗi ba saboda tsarin ya faɗi. Ta ci gaba da aiki a gaban doka har 1997, masu riƙe da ita kuma suna ikirarin cewa ta shafi duk wani tsari mai mabuɗai biyu, wato ɗaya na fili da ake raba wa jama'a da ɗaya na sirri. Ka ga ke nan takarda tana iya zama lafiya lau alhali abin da ke cikinta ya daɗe da mutuwa.

Game da tsoron da kake yi na bayyana sirri, a nan ne tunanin masu fannin ya sha bamban da na sauran jama'a. Tun a 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa tsarin ɓoye saƙo dole ne ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san komai game da shi, in banda mabuɗin. Kowane maƙeri ya san yadda cikin kwado yake, amma wannan sanin bai ba shi makullin ƙofarka ba. Ɗauki tsarin RSA misali. Kowa ya san cewa ana zaɓar manyan lambobi biyu waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, a ninka su, a fitar da sakamakon a fili a matsayin ɓangaren mabuɗin da ake raba wa jama'a. Idan na ce ka ninka 61 da 53, nan take za ka ba ni 3233. Idan kuwa na miƙa maka 3233 na ce ka nemo lambobin da suka haife ta, sai ka ɗan yi gumi. To mabuɗin da aka fi amfani da shi a yau lamba ce mai alƙaluma 617, kuma tsaron yana cikin wahalar komawa baya ne, ba cikin ɓoye dabarar ba.

Waɗanda suka bi hanyar ɓoye dabara ma ba su tsira ba. Ron Rivest ya ƙirƙiro RC4 a 1987, kamfanin RSA ya riƙe shi a matsayin sirrin kasuwanci ba tare da rajista ba, sai a 1994 wani da bai bayyana kansa ba ya watsa shi a intanet. Daga nan masu bincike suka samu damar tona rauninsa, a 2001 aka nuna yadda za a karya tsaron WEP na intanet marar waya da ya dogara da shi, a 2015 kuma aka haramta amfani da shi a tsarin TLS da ke kare shafukan intanet. Raunin yana nan tun ranar farko, rufin asirin kawai ya jinkirta gano shi.

Matsalar da takardun mallaka suka haifar a wannan fanni, a ganina, ba ta tona asiri ba ce, ta jinkiri ce. Rivest da Shamir da Leonard Adleman sun gano RSA a 1977, jami'ar MIT, inda suke aiki, ta nemi rajista a watan Disamba na shekarar, aka ba ta a watan Satumba na 1983. Sai dai tun a watan Agusta na 1977 Martin Gardner ya riga ya bayyana dabarar a mujallar Scientific American. Dokar Amurka tana yi wa mai ƙirƙira uzurin shekara guda bayan ya wallafa aikinsa, amma dokar Turai ba ta yin wannan uzuri, saboda haka RSA ya zama na kuɗi a Amurka, na kyauta a Turai. Lokacin da Phil Zimmermann ya fitar da manhajar PGP a 1991 domin talaka ya iya kulle wasiƙarsa ta imel, masu riƙe da lasisin RSA sun taso masa da maganar keta haƙƙi, ga kuma binciken da gwamnatin Amurka ta yi masa kan fitar da fasahar ɓoye bayanai zuwa ƙetare, wanda ba a janye ba sai a 1996. Shekaru masu yawa masu rubuta manhaja suna raba aikinsu gida biyu, ɗaya na cikin Amurka ɗaya na waje, har zuwa watan Satumba na 2000 da kamfanin ya saki dabarar ga kowa, makonni biyu kacal kafin wa'adin takardar ya cika. Abin mamaki kuma, a 1997 hukumar leƙen asirin Birtaniya ta GCHQ ta bayyana cewa ma'aikacinta Clifford Cocks ya gano kusan wannan dabara tun 1973, aka rufe maganar a matsayin sirrin gwamnati.

Wannan darasi ne ya sa da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta buɗe gasar neman sabon tsari a 1997, ta gindaya sharaɗin cewa duk wanda ya yi nasara zai zama kyauta ga duniya baki ɗaya. Joan Daemen da Vincent Rijmen, 'yan ƙasar Beljiyam, su suka ci gasar a 2000, tsarinsu ya zama AES a 2001. Shi ne yake kulle bayanan wayoyi da bankuna a yau, kuma ba wanda yake biyan ko sisi a kansa.

Barista ta amsa:

Na gode wa Malam Injiniya, ya gamsar a kan tambayoyi biyu na farko. Zan ɗauki ta ukun, wadda ta fi kusa da doka, sannan in ɗan saɓa masa a wani wuri.

A ƙa'ida, ɗan'uwa, kana da gaskiya, ba a mallakar lissafi. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi haka a 1972 a shari'ar Gottschalk da Benson, inda ta ƙi amincewa da rajistar wata hanya ta juya lambobi daga wani tsarin rubutu zuwa wani. Amma a 1981, a shari'ar Diamond da Diehr, kotun ta amince da rajistar hanyar gasa roba wadda kwamfuta ke lissafa lokacinta, bisa hujjar cewa abin da ake karewa aikin masana'anta ne wanda lissafi ya shiga cikinsa. Ta wannan kafa lauyoyi suka riƙa bi: ba za su ce sun ƙirƙiro lissafi ba, sai su ce sun ƙirƙiro tsarin sadarwa mai na'urar kullewa da na'urar buɗewa da layin da ke haɗa su. Takardar RSA kanta da irin wannan siga aka rubuta ta. Kafar ta yi ta faɗaɗa har aka kai lokacin da mutum zai ɗauko tsohuwar al'adar kasuwanci ya ƙara mata kalmar kwamfuta ya samu takarda. A 2014, a shari'ar kamfanin Alice da bankin CLS, alƙalan Kotun Ƙolin baki ɗayansu suka ce ɗora tunani na gama-gari a kan kwamfuta ba ya mai da shi ƙirƙira. Bayan wannan hukunci takardu da yawa sun zube, ciki har da na tace saƙonnin imel da gano ƙwayoyin cutar kwamfuta waɗanda kamfanin Intellectual Ventures ya kai ƙarar kamfanin Symantec a kansu, aka soke su a 2016. A shekarar ce kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ce wata dabarar tsara rumbun bayanai ta kamfanin Enfish ba tunani ne na gama-gari ba, domin ta inganta yadda kwamfutar kanta take aiki. Har yau a kan wannan iyaka ake tafka muhawara.

A Turai, sashe na 52 na yarjejeniyar rajistar ƙirƙira da aka sa wa hannu a Munich a 1973 ya cire hanyoyin lissafi da manhajojin kwamfuta daga abin da ake yi wa rajista, amma ya taƙaita cirewar ga lissafi ko manhaja a karan kansu. Saboda haka ofishin Turai yana bayar da takarda idan an nuna cewa abin ya warware wata matsala ta fasaha, kuma kare sadarwa daga kutse yana shiga wannan rukuni.

Yana da kyau a riƙe abubuwa kaɗan game da yanayin takardar. Wa'adinta shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da buƙata, kamar yadda yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tanada, RSA dai ya faɗa ƙarƙashin tsohuwar dokar Amurka ta shekara 17 daga ranar bayarwa. Galibi ana wallafa buƙatar bayan wata 18. Ƙarfinta kuma bai wuce ƙasa ko yankin da aka bayar da ita dominsa ba, babu wata takarda guda da ke aiki a duniya duka. Abin da ta ba mai ita shi ne ikon hana wasu, ba shaidar inganci ba.

Inda na saɓa wa Malam Injiniya shi ne, bai kamata a ɗauki lamarin a matsayin jinkiri kawai ba. Kuɗin lasisin RSA ne ya riƙe kamfanin da ya mai da dabarar kayan aiki a lokacin da kasuwarta ba ta kafu ba, kuma daga cikinsa ne VeriSign ya fito a 1995, wanda ya zama jigo wajen bayar da takardun shaidar shafukan intanet. Ƙaramin kamfani mai sabuwar dabara, idan ba shi da takarda, da wuya ya samu mai zuba masa jari, domin babban kamfani zai iya kwaikwayonsa cikin watanni.

Duk da haka ba zan musa cewa an yi amfani da takardun wajen tatsar mutane ba. Wani kamfani mai suna TQP ya riƙe wata tsohuwar takarda da aka rubuta tun zamanin modem, ya ce ta shafi haɗa SSL, tsarin da ya gabaci TLS wajen kare shafukan intanet, da RC4, wato abin da kusan kowane shagon intanet yake yi a lokacin, kuma kamfanoni fiye da ɗari suka gwammace su biya a rabu lafiya. Shagon intanet na Newegg ya ƙi, aka je kotu a garin Marshall na jihar Texas a 2013, har Whitfield Diffie, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa tsari mai mabuɗai biyu, da kansa ya zo ya ba da shaida a gefen Newegg, amma masu taimaka wa alƙali suka yanke masa biyan dala miliyan 2.3. Sai a 2015 alƙalin ya soke hukuncin. Haka kuma a 2020 wata kotu ta umarci Cisco ya biya Centripetal Networks dala biliyan 1.9 kan dabarun tsaron hanyoyin sadarwa, a 2022 aka rushe hukuncin, ba don an sake duba fasahar ba, sai don matar alƙalin tana da hannun jarin Cisco da darajarsa ba ta kai dala 5,000 ba.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Allah ya ƙara basira, Malam da Hajiya Barista. Maganar TQP ta tayar mini da wata tambayar. Idan mai rubuta manhaja ya zauna shi kaɗai ya gano wata dabara da ƙwaƙwalwarsa, bai taɓa jin labarin wata takarda ba, shin zai iya shiga laifin keta haƙƙi? Kuma yaya masu buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda ke raba aikinsu kyauta, suke tafiyar da wannan haɗari?

Mai Rubuta Manhaja ya amsa:

Zai iya shiga kuwa, Yaya, kuma a nan ne rajistar ƙirƙira ta bambanta da haƙƙin mallakar rubutu. A haƙƙin rubutu sai an nuna ka kwafa, amma a rajistar ƙirƙira rashin sani ba ya wanke ka, ko da kai ma da kanka ka gano abin.

Misalin da ya fi shahara ba daga tsaro ya zo ba, daga matse bayanai ya zo. A 1984 Terry Welch ya wallafa dabarar LZW, wadda take bin fayil daga farko tana gina ƙamus na jerin baƙaƙen da ta gani, duk inda jerin ya sake bayyana sai ta maye gurbinsa da gajeriyar lamba, mai buɗewa kuma yana sake gina ƙamus ɗin da kansa ba tare da an aika masa ba. Dabarar tana da sauƙi da sauri, mutane suka rungume ta, CompuServe ya gina tsarin hoton GIF a kanta a 1987 ba tare da sanin cewa an ba da takardar mallakarta a 1985 ba, takardar da ta koma hannun Unisys. A ƙarshen 1994, bayan GIF ya cika ko'ina, aka sanar cewa masu manhajojin da ke samar da shi za su fara biyan lasisi. Martanin masu rubuta manhaja shi ne su kauce: cikin 1995 da 1996 suka ƙera PNG a kan wata dabarar matsewa da ba ta da takarda, irin wadda manhajar matse fayil ta gzip ta fara amfani da ita tun 1992 saboda wannan dalilin. Takardar LZW ta ƙare a Amurka a 2003.

Wannan kaucewa ita ce al'adar fannin, kuma wani lokaci tana sa a bar abu mafi kyau a ɗauki mai bi masa. Claus Schnorr ya yi wa tsarinsa na sa hannun lantarki rajista, tsari ne mai sauƙi da tsabta, amma duniya ta bi wasu tsare-tsaren sa hannu, DSA da ECDSA, har Bitcoin da ya fara a 2009 da ECDSA ya fara, bai karɓi sa hannun Schnorr ba sai a 2021. Phillip Rogaway ya ƙirƙiro OCB, hanyar da ke kulle saƙo ta kuma tabbatar ba a taɓa shi ba a zagaye ɗaya, masana da yawa suna yaba ta, amma saboda takardun da ke kanta wata hanyar mai irin wannan aiki, GCM, ce ta mamaye intanet, shi kuwa ya yi watsi da takardun a 2021 bayan kasuwa ta riga ta tashi. Ko a gasar NIST ta neman tsarin da zai jure wa kwamfutocin kwantam, da aka zaɓi Kyber a 2022, sai da hukumar ta ƙulla yarjejeniya da masu riƙe da wasu takardu, ciki har da cibiyar bincike ta Faransa CNRS, domin kowa ya yi amfani da shi kyauta kafin a fitar da shi a matsayin ma'auni a 2024.

Masu buɗaɗɗun manhajoji kuma sun gina wa kansu garkuwa. Lasisin Apache na 2004 ya tanadi cewa duk wanda ya ba da gudummawar rubutu ya ba da izinin takardunsa da suka shafi gudummawar, wanda kuma ya kai ƙara a kan manhajar ya rasa nasa izinin. A 2005 aka kafa Open Invention Network, inda kamfanoni ke alƙawarin ba za su kai juna ƙara a kan Linux ba. Microsoft, wanda a 2009 ya maka TomTom a kotu kan takardun da suka haɗa da na tsarin adana fayiloli na FAT, ya shiga ƙungiyar a 2018, a 2019 kuma ya wallafa bayanin exFAT, sabon tsarinsa na adana fayiloli, domin a sa shi cikin Linux. Sai dai wannan garkuwa ba ta aiki a kan kamfanin da ba ya ƙera komai, domin ba shi da kayan da za a rama ƙara a kansu.

Tsohon Injiniya ya ƙara da cewa:

Na karɓi gyaran Hajiya Barista a kan maganar jari, sai dai har yanzu ina ganin dabarar da duniya duka za ta yi magana da ita ba ta dace da lasisi ba, shi ya sa takardun zamanin nan suka fi karkata ga abubuwan da ke kewaye da ita, irin su gano kutse, sarrafa mabuɗai, da tantance mai shiga.

Kai kuma ɗan'uwa mai tambaya, idan ka sake ganin irin wannan talla, ka nemi lambar takardar, domin wani lokaci buƙata kawai aka shigar ba a kai ga bayarwa ba. Ka buɗe ta a shafin ofishin rajistar ko a Google Patents, ka tsallake dogon bayanin farko ka je wurin jerin ikirari masu lamba, domin su kaɗai ne doka take karewa, sau da yawa za ka tarar sun shafi wani ɗan ƙaramin sashe ne na manhajar. Daga nan ka tambaye su da wane tsari suke kulle bayanan, a hannun wa mabuɗin yake, kuma wane mai bincike mai zaman kansa ne ya gwada manhajar, ko tana da shaidar gwaji irin ta FIPS 140, ma'aunin tsaro na hukumar NIST. Idan suka ce AES suke amfani da shi, takardar tasu kuma ta shafi yadda suke rarraba mabuɗai ne, wannan magana ce da za a zauna a duba. Idan kuwa suka ce sun ƙirƙiro nasu sabon tsarin kullewa wanda ya fi AES, kuma babu wani masani na waje da ya taɓa gwada shi, ni dai ba zan ba su bayanan kowa ba.